Johann Fabricius: Malamin da ya raɗa wa ƙwaron wake suna

Duk wanda ya taɓa ajiye wake daga kaka zuwa bazara a Jimeta ya san ɗan ƙwaron nan mai ruwan ƙasa da ke huda ƙwaya ya bar ta da rami. Mai ƙosai a unguwar Gwadabawa ta san shi, domin shi ke zaunar da ita tsince da sheƙe kafin ta jiƙa wakenta. Ɗan kasuwar hatsi ya san shi, domin da zarar mai saye ya damƙi wake ya ga huji, to kuɗin mudu ya faɗi. Mu ƙwaron wake kawai muke ce masa. A littattafan masana kuwa, daga Samaru har Japan, ga yadda ake rubuta sunansa: Callosobruchus maculatus (Fabricius, 1775).

Kalmar da ke cikin baka biyun nan sunan mutum ce, shekarar da ke biye da ita kuma ita ce shekarar da ya bayyana ƙwaron a rubuce. Johann Christian Fabricius bai taɓa taka ƙasar Afirka ba, kuma ya mutu shekara 33 kafin Modibbo Adama ya kafa Yola a 1841. Duk da haka, a cikin ƙwarin da ke cin amfanin gonarmu a yau akwai da yawa da shi ne ya fara tantance su, ya ware su daga 'yan'uwansu, ya ba su sunan da duniya ke kiran su da shi.

Haihuwarsa da karatunsa

An haifi Fabricius ranar 7 ga Janairu, 1745, a garin Tonder da ke kudancin ƙasar Denmak ta yanzu, dab da iyakar Jamus, wato shekara tara kafin haihuwar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo. Mahaifinsa likita ne. Ya yi karatun share fage a Altona, kusa da birnin Hambog, sannan ya shiga Jami'ar Kopenhegan a 1762. Bai daɗe a can ba. A cikin wannan shekarar, yana ɗan shekara 17, ya bi wani ɗan'uwansa mai suna Johan Zoega suka tafi Uppsala a ƙasar Suwidin, domin ɗaukar karatu a gaban Carl Linnaeus, wanda a lokacin babu kamarsa a Turai wajen sanin tsirrai da dabbobi. Shekara biyu ya yi a gabansa.

Linnaeus ne ya daidaita tsarin kiran kowace halitta da kalma biyu na harshen Latin. Kalmar farko tamkar sunan gida ce, wanda 'yan'uwa na kusa ke tarayya a kai. Ta biyu kuma tamkar sunan yanka ce, wanda ya keɓanta ga jinsi ɗaya. Kafin wannan tsari, masani kan kira ƙwaro ɗaya da doguwar jimla ta siffantawa, wani masanin a wata ƙasa ya kira shi da wata jimlar dabam, har a rasa gane ko abu ɗaya suke nufi. Bugu na goma na littafin Linnaeus mai suna Systema Naturae, wanda ya fito a 1758, shi ne har gobe mafarin lissafin sunayen dabbobi.

Daga fiffike zuwa baki

Linnaeus ya kasa ƙwari gida bakwai bisa la'akari da fikafikansu. Akwai masu fiffike biyu kamar ƙuda da sauro, da masu fiffike mai gari kamar malam-buɗe-littafi, da marasa fiffike sam. Akwai kuma masu sulke, wato waɗanda fikafikansu na sama suka yi tauri suka rufe bayansu kamar garkuwa, irin su buzuzu da ƙwaron wake. Tsari ne mai sauƙin koyo, amma yana haɗa waɗanda ba su haɗa komai ba. A bugun 1767, alal misali, Linnaeus ya sanya fara da kyankyaso, masu tauna abinci, a gida ɗaya da kuɗin cizo mai tsotson jini.

Almajirin sai ya dubi wani wuri dabam. A ganinsa bakin ƙwaro ya fi fiffikensa faɗin gaskiya game da shi, domin da baki yake ci, abin da yake ci kuwa shi ke tsara rayuwarsa. Malaminsa da kansa ya yi amfani da haƙora wajen rarraba dabbobi masu shayarwa, don haka Fabricius ya ɗauki wannan ma'auni ya kai shi kan ƙwari. Aiki ne mai cin ido, domin sai an ɗauki busasshen ƙwaro da bai kai ƙwayar shinkafa ba, a sa gilashin ƙara girma, a leƙa muƙamuƙansa a ga ko na tauna ne, ko na huda, ko na tsotso, ko na lasa.

Bayan barinsa Uppsala ya shafe shekaru yana yawon neman ilimi a Jamus da Holan da Sikotland da Ingila da Faransa da Italiya, yana bin duk inda ya ji an tara ƙwari. An naɗa shi farfesa a Kopenhegan a 1770, ya yi aure a 1771. A 1775, yana ɗan shekara 30, ya fitar da Systema Entomologiae, littafi mai shafi 832, inda ya kasa ƙwari gida takwas bisa yanayin bakinsu. Ƙwari masu sulke ya kira su Eleutherata, fara da kyankyaso kuwa ya ware musu gidansu. A cikin wannan littafi ne sunan ƙwaron wake ya fara bayyana.

Ƙwarin da suka je masa daga Afirka ta Yamma

Mutumin da ke zaune a arewacin Turai, inda sanyi ke kashe ƙwari rabin shekara, ta yaya ya san ƙwarin ƙasashe masu zafi? Amsar tana cikin akwatunan attajiran Landan. Tsakanin 1772 da 1775 Fabricius kan yi lokacin sanyi a Kopenhegan, lokacin zafi kuma a Landan. A can ya samu shiga taskar Joseph Banks, wanda ya dawo a 1771 daga kewaya duniya tare da Kyaftin James Cook, ɗauke da ƙwarin Ostiraliya da babu masanin Turai da ya taɓa gani. Ya kuma yi aiki a taskar Dru Drury, wani maƙerin azurfa mai sha'awar tara ƙwari, da ta likita William Hunter.

Rabon Afirka ta Yamma a cikin waɗannan akwatuna ba kaɗan ba ne. Banks da Drury da abokansu sun ɗauki nauyin wani mai suna Henry Smeathman, wanda ya zauna a gaɓar Saliyo daga 1771 zuwa 1775 yana tara ƙwari yana aika musu. Ita ma Denmak tana da sansanoni a gaɓar ƙasar Gana ta yanzu, babbansu shi ne Christiansborg da ke Akra. Daga can likita Paul Isert, wanda ya isa a 1783, da Peter Thonning, wanda ya zauna daga 1799 zuwa 1803, suka aika ƙwari Kopenhegan, Fabricius ya siffanta da yawa daga cikinsu. Yawanci abin da yakan rubuta game da asalin irin waɗannan ƙwari kalma ɗaya ce, Gini, sunan da Turawan lokacin ke kiran gaɓar baki ɗaya.

Waɗannan gaɓoɓi su ne tashoshin cinikin bayi, kuma jiragen wannan ciniki na cikin waɗanda suka yi dakon akwatunan ƙwarin. Mutanen ƙasa da suka shiga daji suka kamo su kuwa, ba a damu da rubuta sunayensu ba. Wannan ma wani ɓangare ne na tarihin sunayen da muke karantawa a yau.

Zaman Kiel

A 1775 aka ba shi kujerar farfesa a Jami'ar Kiel, garin da yanzu ke cikin Jamus amma a lokacin yana ƙarƙashin Sarkin Denmak. Darussan da aka ɗora masa su ne ilimin halittu da tattalin arziki da sha'anin kuɗin hukuma. An yi masa alkawarin gina gidan adana halittu da lambun nazarin tsirrai, amma abin bai tabbata yadda ya sa rai ba. Sau uku yana neman ajiye aikin. A ɗaya daga ciki ɗalibansa ne suka kai kuka ga Sarki Christian na Bakwai don kada a bar shi ya tafi. A ƙarshe dai a wannan kujera ya ƙare rayuwarsa.

Bai tsaya kan ƙwari kaɗai ba. Ya yi rubutu kan cututtukan tsirrai a 1774, ya wallafa labarin tafiyarsa ƙasar Nowe a 1779, ya kuma rubuta littafi kan ƙaruwar jama'a a Denmak a 1781. Amma ƙwarin ne suka cinye yawancin shekarunsa. Littattafai suka yi ta biyo juna: Genera Insectorum a 1776, Philosophia Entomologica a 1778, Species Insectorum a 1781, Mantissa Insectorum a 1787, sai Entomologia Systematica da ya fara fitowa a 1792. A 1801 ya keɓe wa ƙwari masu sulke littafi guda mai juzu'i biyu, Systema Eleutheratorum. Jimillar jinsunan ƙwarin da ya raɗa wa suna ta kai 9,776, fiye da ninki uku na kimanin 3,000 da malaminsa ya raɗa. Sama da 4,000 daga cikinsu masu sulke ne.

Ƙwaro ɗaya, suna biyu

Labarin ƙwaron wake ya isa ya nuna ƙarfin aikin Fabricius da kuma rauninsa. A 1758 Linnaeus ya siffanta wani ɗan'uwan wannan ƙwaro, ya kira shi chinensis, ya sanya shi gida ɗaya da ƙwari masu dogon baki irin wanda ke cin masara da dawa a rumbu. Daga baya, a 1767, aka samu gidan Bruchus na ƙwarin da ke rayuwa cikin ƙwayar wake da danginsa, waɗanda ba su da wannan dogon bakin. A wannan gida Fabricius ya sanya namu a 1775, ya kira shi Bruchus maculatus, ma'ana mai ɗigo-ɗigo, saboda tabon baƙi da ke kan sulkensa. A 1781 ya ƙara wani mai kama da shi, ya kira shi analis.

A 1792 kuma ya siffanta wani da ya ɗauka sabo ne, ya kira shi quadrimaculatus, wato mai ɗigo huɗu. Masanan da suka biyo baya sun gano cewa wannan da maculatus abu ɗaya ne, ya raɗa wa ƙwaro ɗaya suna sau biyu ke nan. Ƙa'idar masana ita ce sunan da ya riga shi ke tsayawa, don haka na 1775 ya tabbata, na 1792 ya koma laƙabin da aka daina amfani da shi.

Ba abin mamaki ba ne ya ruɗe. Bayanansa gajeru ne, sau da yawa layi biyu ko uku na Latin, babu zane. Shi kuwa wannan ƙwaro ba shi da kama ɗaya. Macen ta fi girma da duhu, tabonta ya fi fitowa, namijin kuma ya fi ƙanƙanta da haske. Bayan haka, idan suka yi cunkoso a cikin ajiya kuma zafi ya ƙaru, sai a fara ƙyanƙyashe wasu masu launi dabam da ke iya tashi su koma gona, alhali iyayensu ba su cika tashi ba. Wanda ya ga waɗannan a akwati dabam-dabam, shekara 17 tsakani, zai iya rantsuwa cewa jinsi biyu ne.

A 1902 wani Bafaranshe mai suna Maurice Pic ya fitar da sunan Callosobruchus, wanda ya zama gidan wannan ƙaramin rukuni mai jinsi kimanin 20. Dalilin sanya sunan Fabricius cikin baka biyu ke nan: alama ce da ke nuna cewa shi ya raɗa sunan yankan, amma an sauya wa ƙwaron gida bayansa. Ruɗanin bai ƙare nan ba, domin har a 1957 sai da wasu masana uku a Ingila, Southgate da Howe da Brett, suka wallafa bincike don tabbatar da cewa maculatus da analis jinsi biyu ne mabambanta. Kama da wane, in ji Hausawa, ba ta wane.

Yadda ake tantance su a yau

Masanin da aka kai wa ƙwaro daga buhun wake a yau ba bakinsa kaɗai zai duba ba. Zai fara da cinyar ƙafar baya: 'yan gidan Callosobruchus suna da ƙaya biyu a ƙarƙashinta, ɗaya ta ciki ɗaya ta waje, kuma tsawon ta cikin na taimakawa wajen raba maculatus da analis. Zai dubi siraran ƙahonnin da ke kan ƙwaron: na namijin chinensis suna da rassa kamar matsefi, na maculatus kuwa ba su da su. Zai dubi ƙarshen cikin da sulke bai rufe ba, ya ga launinsa da tsawonsa. In shakka ta rage, sai a feɗe namijin a duba al'aurarsa a madubin ƙara girma, ko a gwada ƙwayoyin halittarsa.

A yankinmu akwai 'yan'uwa da dama da ake ruɗa su. Wanda ke cin gujiya, subinnotatus, ya fi na wake girma. Wanda ke cin gyaɗa, Caryedon serratus, ya fi su duka girma, yana da ƙatuwar cinya mai haƙora kamar zarto, kuma abokin Fabricius ne, Guillaume Olivier na Faransa, ya raɗa masa suna a 1790. A Nijar da sauran ƙasashen Sahel akwai Bruchidius atrolineatus, wanda ke shiga wake tun a gona tare da maculatus, amma bayan ɗan lokaci a rumbu sai ya daina hayayyafa. Shi maculatus ba ya tsayawa, shi ya sa shi ne babban abokin gabar mai ajiya.

Macensa na manna ƙwai a jikin ƙwayar wake, tsutsar ta ƙyanƙyashe ta huda ta shige ciki, ta ci ta girma a ɓoye. A yanayi mai zafi, mako uku zuwa huɗu sun isa sabon ƙwaro ya fito, ramin da muke gani kuwa ƙofar fitarsa ce. Wanda ya fito ba ya bukatar ci ko sha, kwanakinsa ba su cika wuce mako biyu ba, aikinsa kawai ya hayayyafa. A gari mai zafi irin Yola, ƙwari kaɗan da suka biyo wake daga gona a watan Nuwamba sun isa su lalata buhu kafin damina.

Ƙarshen rayuwarsa

Daga 1790 Fabricius ya karkata zuwa birnin Paris, inda ya yi abota da Olivier da Georges Cuvier da kuma Pierre Latreille. Shi Latreille ne ya gyara tsarin nasa daga baya. Dogaro da baki kaɗai ya sa Fabricius ma ya haɗa waɗanda ba su haɗu ba, har ya taɓa sanya mazari da gizo-gizo a gida ɗaya. Latreille ya haɗa baki da fiffike da ƙafa da sauran gaɓoɓi wuri guda, kuma shi ne a 1802 ya ware wa ƙwarin wake da danginsu zuriyarsu. Yawancin sunayen manyan gidajen da Fabricius ya ƙirƙira an daina amfani da su, ko da yake Odonata, sunan da ya ba gidan mazari, yana nan daram. Abin da ya ɗore shi ne dubban sunayen jinsuna, da kuma darasin duba bakin ƙwaro, wanda har yau yana cikin abubuwan farko da ake koya wa ɗalibin aikin gona.

'Yarsa ta mutu sakamakon haɗari a Paris. A watan Satumbar 1807 jiragen yaƙin Ingila suka yi wa Kopenhegan ruwan wuta, ƙasar da ya yi shekaru yana cin arzikin taskokinta ta auka wa ƙasarsa. Da labari ya same shi a Paris sai ya kama hanyar Kiel, ga shi dama ba shi da cikakkiyar lafiya. Ya mutu a can ranar 3 ga Maris, 1808, yana da shekara 63, a shekarar da Alƙalawa ta faɗi a hannun masu jihadi. Ya bar 'ya'ya maza biyu, dukansu sun karanci likitanci.

Abin da ya bari

Ƙwarin da ya duba ya raɗa wa suna ba su ɓace ba. Da yawa suna nan soke da allura a gidajen adana halittu na Kopenhegan da Landan da Glasgow da Paris, kuma a 1964 wata masaniya 'yar Denmak, Ella Zimsen, ta wallafa kundin da ke nuna inda suke. Idan gardama ta tashi kan wane ƙwaro wani suna ke nufi, kan waɗannan ake komawa.

Amfanin wannan ga ƙasar da ta fi kowace noman wake a duniya a fili yake. Tsutsar da ke cin fure da kwanson wake a gona, Maruca vitrata, ita ma Fabricius ne ya raɗa mata suna a 1787. Dominta ne Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru ta fitar da irin wake mai suna SAMPEA 20-T a 2019. Amma ita 'yar gidan malam-buɗe-littafi ce, don haka kariyar da ke cikin wannan iri ba ta shafi ƙwaron rumbu ba. Manomin da ya ɗauka ƙwaro duk ƙwaro ne, ya shuka sabon iri ya yi sakaci da ajiya, zai tarar da huji a buhunsa.

Shi na rumbun, saninsa ne ya nuna lagonsa. Tunda tsutsar na ɓoye cikin ƙwaya amma ba ta rayuwa sai da iska, sai aka ɓullo da buhu mai ruɓi uku, leda biyu a ciki da buhun saƙa a waje, wanda in an ɗaure shi tam iskar ciki ke ƙarewa ƙwarin su mutu. Binciken ya faro ne a Marwa da ke arewacin Kamaru, tsohuwar ƙasar Fombina, tare da Jami'ar Purdue ta Amurka, aka fara yaɗa buhunan da sunan PICS a 2007. Wanda ya bar wannan hanya ya koma zuba guba a cikin abinci kuwa, an ga sakamakonsa a watan Yunin 2015, lokacin da Tarayyar Turai ta dakatar da shigar da busasshen wake daga Najeriya saboda yawan sinadarin dichlorvos da aka samu a cikinsa.

Binciken da aka yi a Marwa ko Yamai ko Indiya yana amfanar mai ajiyar wake a Adamawa ne saboda duk masu binciken sun tabbata ƙwaro ɗaya suke magana a kai. Wannan tabbacin ya faro ne daga 'yan layukan Latin da wani matashi ɗan shekara 30 ya rubuta a 1775.